Shekarar da Na Goge 'Yan Mata Arba'in da Uku

Kun taso kun tarar da ni gaban baƙin allo ina buga rubutu, babanku kuma yana gefe riƙe da linzamin kwamfuta, har kuka ɗauka haka Allah ya halicce mu. Yanzu kuma idan an taru da Sallah sai in ji kuna ba 'ya'yanku labari, wai ni ce na koya wa babanku aiki, wai na kunyata shi gaban mutane. Ba haka aka yi ba. Tunda ya riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai kare shi sai ni, don haka ga yadda abin ya faru.

Shagon nan namu na bakin kasuwar Bagudo a da gidan kallo ne. Babanku ya fi kowa son hoto mai motsi, da ƙyar yake karɓar kuɗin ƙofa saboda idonsa na kan talabijin. Da aka kawo Shari'a jiharmu bai jira an aiko masa ba, ya rufe gidan da hannunsa, ya ba masallacin unguwa bencunan. Ya yi abin da ya dace, amma mu mutanen gida muka sha wahalarsa. Mutumin da ya saba da hayaniya ya dawo yana zaune tsakar gida daga safe har la'asar, yana gyara rediyon da ba abin da ya same ta, yana koya wa Inna, mahaifiyarsa, yadda ake ƙyafe kifi, ita da aka haifa cikin gidan masunta a bakin kogin Kwara. Ya gwada kai shinkafa iyaka, ya gwada sayar da batir, duk bai daɗe ba. Sai bayan wasu shekaru, da aka fara cewa rajistar jarrabawa da neman gurbin karatu duk sun koma intanet, ya sayar da gonarsa ta fadama, ya sayo tsofaffin kwamfutoci bakwai daga Kwatano, aka kafa masa farantin intanet a bayan shago.

Ni kuwa lokacin ina buga tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma, shekarata ta goma sha takwas a aikin. Ina iya buga wasiƙa ina hira da wadda ke gefena ban dubi yatsuna ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Wanda ya zo ya haɗa mana kayan wani Badande ne, ɗan ƙabilar Dandawa, daga Segbana, can cikin Jamhuriyar Binin, dattijo mai furfura wanda ya yi shekaru yana kula da kwamfutoci a Paraku. Sunansa Isa, amma mutanensu na ce masa Mushe Isa, haka suke kiran malami da Faransanci. Ranar da babanku ya kawo shi gida cin abinci ya faɗi sunansa, Inna ta ajiye kwanon tuwo ta dube shi sama da ƙasa.

"Mushe? Wanga bawan Allah da ransa da lahiyatai kuke ce mai mushe? Ni kam Malam Isa zan ce."

Malam Isa ya yi dariya har ya ƙware, daga ranar kuma suka shaƙu da Inna.

Kwamfutoci shida ya shirya su yadda babanku ke so: tagogi, hotuna masu launi, ka ja linzami ka latsa abu ya buɗe. Ta bakwai kuwa, wadda ya ce ita ce uwar sauran, ita ke raba musu intanet kuma a cikinta ake ajiye aikin mutane, ya kai ta kusurwa, ya cire linzaminta ya sa a aljihu. Da ya kunna ta ba abin da ya fito sai allo baƙi ƙirin da wani ɗan farin layi yana ƙiftawa.

"Malam Isa, ta lalace ne?" in ji babanku.

"Lafiyarta lau. Jira take a gaya mata abin da za ta yi."

"To ina wurin latsawa?"

"Ba a latsa ta. Rubuta mata ake yi."

"Gona guda na sayar, ka kawo mini allon makarantar firamare?"

Malam Isa ya yi masa bayani cikin Hausarsa mai gauraye da Dandanci. Ya ce injin ya tsufa, in aka ɗora masa hotuna ƙarfinsa zai ƙare wurin kwalliya. Ya ce da linzami sai abin da aka zana maka za ka iya zaɓa, da rubutu kuwa kai ke faɗin abin da kake so. Babanku ya ce shi kuma ya fi yarda da abin da idonsa ke gani, kuma tagoginsa suna da ladabi, kafin su zubar da abu sai sun tambaye shi ko ya tabbata. Suka yi ta yi har aka kira la'asar. A ƙarshe babanku ya rantse ba zai taɓa wannan na'urar ba, ya juyo ya gan ni tsaye a ƙofa da kwanon fura.

"Ga mai son rubutu nan. Koya mata."

Ba'a yake yi, amma ni na ja kujera na zauna.

Kwana biyar Malam Isa ya yi a Bagudo. Kullum na tashi daga ofis sai in wuce shago, babanku na nan yana sallamar mutane yana kasa kunne. Ranar farko na sha kunya, don kibod ɗin na ƙasar Faransa ne, inda yatsana ya san A sai ya tarar da Q. Sunana ma na kasa rubutawa daidai, babanku ya yi ta dariya har da buga cinya. Washegari na ciro wani kibod irin namu na sauya, daga nan yatsuna suka dawo gida. Na cika littafi guda da umarni: yadda ake duba abin da ke cikin jakar ajiyar fayiloli, yadda ake buɗe wa sabon mutum wuri, yadda ake gano kwamfutar da ke shanye intanet a tsayar da ita. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu da son abin. Shekara goma sha takwas ina buga wa tafireta magana ba ta taɓa amsa mini ba, yau ga wadda ke amsawa. Ranar da zai tafi, Malam Isa ya nuna mini wani umarni mai haruffa biyu kacal, ya ce da shi ake gogewa, ya sa na ja masa layi da jan biro. Ya ce wannan ba ya tambaya, ba ya mayarwa. Na ce na ji.

Muka yi watanni a haka, kowa da ɓangarensa. Idan firinta ta ƙi aiki babanku zai yi ta buɗe taga cikin taga yana latsawa, ni in rubuta layi ɗaya ta tashi, in koma in zauna ban ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Idan kuma aka kawo katin biki ko hoton da za a gyara, sai in zama 'yar kallo, don baƙin allona bai san ja da kore ba. Da yamma a gida mu ci gaba da musu, Inna tana gyaran kifi tana cewa ita ba ta taɓa ganin mata da miji suna faɗa kan abin da ba a ci ba.

Da bazara ta kama, Hajiya Tumba, shugabar makarantar 'yan mata, ta kawo mana aikin rajistar jarrabawar fita ta ɗalibanta arba'in da uku. Yawancinsu 'ya'yan manoma da masunta ne daga Zagga, Geza, Lafagu da tungayen bakin ruwa, wasu ma su ne mata na farko a gidajensu da suka kai wannan aji. Babanku ya je makaranta ya ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, muka zuba hotunan cikin uwar kwamfutoci, aka ba yara hutu suka watse. Za a rufe rajista ranar Juma'a. Ranar Talata muka gane cewa shafin ba ya karɓar hotunanmu, sun yi nauyi, sai an rage kowanne.

Babanku ya kwashi na farko-farko zuwa kwamfutarsa ya fara. Ya buɗe hoto, ya ja gefensa, ya latsa nan, ya latsa can, ya ajiye, ya gwada, bai yi ba, ya sake. Ga zafi, ga janareta na tari. Da na iso daga ofis ya yi tara, gumi ya jiƙa masa riga, Hajiya Tumba na zaune tana fifita da jarida tana duban agogo. Na buɗe littafina na nemo shafin da nake so, na rubuta layi ɗaya, na duba shi sau biyu, na danna. Kafin Hajiya ta gama shan ruwan da aka ba ta, duka arba'in da uku sun ragu, kowanne da ƙaraminsa kusa da babbansa.

"Har an gama?" in ji ta.

"An gama, Hajiya."

Ta dubi babanku ta dube ni, ta ce, "Malam, ashe injiniyar a gida take."

Wannan shi ne ɓangaren da kuke ba da labari, kuma a nan kuke tsayawa. Ku saurari sauran.

Hajiya ta tafi. Babanku ya yi 'yan latse-latsensa da ƙarfi ya fita alwala. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce bari in share manyan hotunan kada su rikita mu gobe wurin turawa. A baƙin allo alamar tauraro tana nufin kowa da kowa, don haka sai ka rubuta tauraro ka manna masa wutsiyar sunan waɗanda kake nufi, ba tazara tsakaninsu. Ban buɗe littafi ba. Na buga haruffa biyun nan, na buga tauraro, sai babban yatsana, wanda shekara goma sha takwas yana ba da tazara bayan kowace alama, ya yi aikinsa ban sa shi ba. Na danna. Allon ya yi ɗan gunaguni cewa bai ga wani fayil mai wannan wutsiya ba. Na ce ya nuna mini abin da ke cikin jakar. Bai nuna komai ba. Na sake tambaya. Babu manya, babu ƙanana. Katin kyamara kuma tun ranar Asabar babanku ya share shi ya ɗauki hotunan wani bikin suna.

Da babanku ya dawo ya ga fuskata, ya leƙa allon, na ce masa hotuna sun tafi. Nan take ya ɗauki zafi, amma ba da ni ba.

"Na faɗa! Na faɗa wannan baƙar na'urar za ta ci amanarmu! Yanzun nan zan hau babur in je Segbana, Malam Isa ya zo ya gaya wa Hajiya da bakinsa abin da ya haɗa mana."

Ga hanya a buɗe. Da na yi shiru, laifi ya tafi Binin, ba mai sanin komai. Na daɗe ina duban ɗan farin layin nan yana ƙiftawa, ina tuna dattijon da ya sa ni jan layi da jan biro.

"Malam, ba na'ura ba ce. Ni ce. Abin da na rubuta mata shi ta yi."

Ya tsaya da makullin babur a hannu. Na jira ya rama abin da aka yi masa ɗazu gaban Hajiya, kuma da ya rama da bai yi laifi ba. Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Duka, Luba?"

"Duka."

"A layi ɗaya?"

"A layi ɗaya."

"Kai, amma abin nan yana da sauri," in ji shi, sai dariya ta kufce masa, ni kuma na fashe da kuka, muka haɗu muna yi tare.

Muka kira Malam Isa a waya. Ya ce akwai dabarun da ake gwadawa, amma ba tabbas, kuma ba zai iya isowa da kayan aiki kafin Juma'a ba. Na je gidan Hajiya Tumba da ƙafata na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce akwai yarinyar da sai da ta je gidansu sau uku kafin ubanta ya bar ta ta kai wannan aji, in ta rasa jarrabawar bana ba za a sake ba ta dama ba. Ta rubuta mana sunan kowace yarinya da garinsu da sunan ubanta.

Laraba da sassafe muka hau babur, ni a baya rungume da kyamara da farin zanen gado na Inna. Shugabana na ofis ya yi tafiya, ban sami wanda zan nemi izini wurinsa ba, na tafi haka nan. A Zagga muka sami goma sha ɗaya kafin hantsi, don labari ya riga mu, yara na ta ruga gida-gida suna kiran 'yan makaranta. Ni ke riƙe zane a jikin bango, babanku na ɗauka. Wasu mun same su a fadama cikin shinkafa, sai sun wanke fuska a rijiya sun ari hijabi. A hanyar Geza wani dattijo da ke zaune gindin tsamiya ya tsayar da mu, ya tambayi babanku cikin ladabi ko wace ce ya goyo.

"Iyalina ce, Baba. 'Yan mata arba'in da uku ta goge, muke bi muna tattarowa."

Dattijon ya ja da baya yana salati, sai da na sauko na yi masa bayani, ya kuwa raka mu har ƙofar gidan mai gari. Mun kwana Lafagu gidan ƙanwar Inna. Ranar Alhamis ƙanenta ya sa mu cikin kwalekwale da mu da babur, muka bi tungayen bakin Kwara. A nan aka ɗauki hoton wata yarinya a kan yashi, mata biyu na riƙe da zane iska na kaɗa shi, kakarta na gefe tana faɗa mata ta rufe baki kada haƙoranta su fito a takardar gwamnati. Ko'ina muka je sai an ba mu wani abu. Muka dawo da ƙullin busasshen kifi, da albasa, da zabuwa guda mai rai wadda ta yi ta kuka a bayana har Bagudo.

Arba'in da biyu muka samu. Ta ƙarshe, A'isha, 'yar wani masunci, ta bi iyayenta ta'aziyya can cikin Binin, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ita ce kuma yarinyar da Hajiya ta yi zarya gidansu sau uku.

Juma'a da safe muka buɗe shago. Na rage hotunan, wannan karon da littafi a buɗe, babanku na tsaye a kaina yana karanta kowane harafi da ƙarfi kafin in danna. Muka fara turawa. Ina cike sunaye bisa jerin haruffa, sunan farko da ya fito shi ne na A'isha, na tsallake shi ina share hawaye. Sai na ji babanku ya ce, "Tsaya." Ya koma kwamfutarsa, ya ja linzami zuwa wani ɗan hoton kwandon shara da ke kusurwar allo, ya latsa. Ga su nan su tara, waɗanda ya rage da hannunsa ranar Talata, A'isha ce ta farko, da ɗan tabonta a goshi.

"Malam! Tun ranar Talata suna nan ba ka faɗa ba?"

"Na manta da su, wallahi. Da Hajiya ta kira ki injiniya haushi ya kama ni, na watsa su shara. Kwandona kuwa ba ya zubar da abu sai na ce."

Ya latsa sau biyu, A'isha ta dawo. Muka tura ta ƙarshe ana kiran sallar Juma'a, ya ɗauki darduma ya fita da gudu, hularsa a karkace.

Ranar Litinin na tarar da takardar tuhuma a kan tafiretata. Shugabana mutumin kirki ne kuma yana da gaskiya: kwana uku ba na nan, wasiƙu sun taru. Ya ce ya lura tun watanni hankalina na bakin kasuwa, in zaɓi ɗaya. Na yi mako guda ina juya abin. Na riga na ci fiye da rabin shekarun da zan cika aiki in huta da fansho, mahaifina kuma, wanda ya sha surutun dangi kafin ya bar ni na shiga aikin gwamnati, ya aiko cewa in na bari kada in zo masa da bayani. Na buga takardar ajiye aiki da hannuna, ita ce wasiƙa ta ƙarshe da na buga a kan wannan tafireta. Mahaifina ya yi wata bakwai ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Wannan ya yi mini ciwo fiye da fanshon, kuma ko da ya sauko bai taɓa taka ƙafarsa shagon ba har ya rasu.

Ranar da na fara zama shago tun safe, muna cikin aiki sai ga Inna, wadda ba ta taɓa zuwa ba, ta ci ado da zanenta na saƙi da 'yan kunnen azurfa. Ta ce ta ji an ɗauki ɗiyan kowa hoto daga nan har bakin ruwa da zanen gadonta, ita mai zanen ba a taɓa ɗaukarta ba tunda aka haife ta. Babanku ya zaunar da ita, na riƙe zane, ya ɗauka. Na karɓi kyamara na nufi kusurwata don in ajiye hoton, sai ta ɗaga hannu.

"A'a, ɗiyata. Ba shi ya hiddo min ga takarda in riƙe abina. Ke dai riƙe zane, kin iya."